Rufin da Na Sauke wa Hajja

Ni dai ajina uku a makaranta, na ukun ma ta taga na fita. Amma a gyaran gidaje akwai darasin da na haddace kamar Fatiha: ranar farko ka rushe wani abu. Ka fasa bango, ko ka cire ƙofa. Muddin gida na hangame, mai gida ba zai kore ka ya nemo wani usta ba, wato wani magini, ko da kaya sun yi tsada ka dawo kana sosa ƙeya. Shekara da shekaru wannan dabara tana ciyar da ni.

Sai ga shekarun da farashi ya haukace a Khartum, wanda ka ji da hantsi ba shi za ka tarar da la'asar ba. A lokacin ne wata tsohuwa a Omdurman, Hajja ake ce mata, ta aika unguwarmu Mayo a kira ni. Jikar mahajjatan ƙasar Hausa ce da suka zauna a Sudan, Hausarta ta fi tawa daɗi. Ɗaki ɗaya gare ta, yana yoyo, damina kuma tana bakin ƙofa. Ɗanta da ke aiki a Saudiyya ya turo abin sayen sabon kwano. Ranar Asabar muka daidaita, ta ce Allah ya sa albarka.

Kafin azahar na sauke rufin kakaf. Tsohon kwano kuwa a al'adarmu rabon usta ne. Na loda shi a mota, na sayar wa mai tsohon ƙarfe a unguwar Shajara, na tsaya na ci soyayyen kifi har ina lasar yatsa.

Washegari na shiga shagon kayan gini a kasuwar Sajjana, na ajiye kuɗin Hajja. Mai shago ko ɗagowa bai yi ba.

"Wannan farashin jiya ne, ya usta."

"Ba da bakinka ka faɗa min ba?"

"Jiya bakina ya yi magana, yau dala ce ke yi."

Rabin ɗaki kaɗai kuɗin za su rufe. Kwana biyu ban zauna ba. Daga Mayo zuwa Suk al-Arabi, daga nan in haye gada, in dawo, kowane shago na shiga ya fi na baya zafi, ni kuma ina ta ɗaga kai ina leƙen sama. Na koma Shajara in fanso tsohon kwanon. Mutumin da ya ce min tsatsa ce kawai ke riƙe da shi, yanzu ya ce irin na da ne, ba a ƙara yin irinsa. Ya faɗi kuɗin da ya sa na nemi wurin zama.

Na san yadda abokan sana'a ke yi. Wani ya kashe waya, wani ya sayo kwano falan-falan da iska ɗaya za ta naɗe shi kamar tabarma. Ni ma duk na auna, ban fi su tsoron Allah ba. Sai dai na ga Hajja ta fito da gadonta tsakar gida, ta lulluɓe akwatunanta da leda, kuma ni na yi mata wannan.

Na tsuguna na faɗa mata komai, har kifin.

"Da ƙaya ko babu?" ta ce.

"Hajja, a yi min afuwa."

"Afuwa ba ta tare ruwa. Tashi mu je."

Ta yafa tobinta, mayafin matan Sudan, muka hau mota. A shagon ta sayi rabin da kanta, ta ƙirga kwanon ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar ni na taɓa ko rasit ba. Da muka dawo ta nuna sauran rabin da sandarta.

"Nan kuma yadda babana ke yi. Azara, tabarmar kaba, laka, a bi da zibala."

Zibala kashin dabbobi ne da ake kwaɓawa da ƙasa a bar shi ya ruɓa, a shafe rufi da shi. Tun da na fara kiran kaina ustan siminti ban ƙara sa hannu a ciki ba. Na bi gidajen maƙwabta da buhu ina roƙon kashin jaki, gemuna fari fat. Ita tana kan kujera tana shan shayi.

"Ƙara ruwa, usta. Yadda ka san sauke rufi, ashe ba ka san kwaɓi ba?"

Kuɗin aikina kuwa ta ce na riga na cinye su a Shajara.

Kwana biyu da gamawa hadari ya haɗo da la'asar. Ina cikin mota a Suk al-Arabi zan koma gida, na kasa. Na sauka na shiga ta Omdurman, muka maƙale a kan gada, ruwa na zuba, ni ina hango laka tana narkewa a kan tsohuwa. Na isa jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a hannu.

Na tarar ta ja gadonta ƙarƙashin laka, busasshe ƙarau. A ɗaya gefen, ƙarƙashin sabon kwanona, ta jera tukwane uku suna karɓar ɗigo.

"Ɓangaren babana lafiya lau," ta ce. "Naka ne ke kuka. Ga tsani can."

Na ajiye takalmin na hau.