Bushin Ba Ya Kuka

A garejin ƙanensa kowa Baba Bushin yake ce masa, domin tun yana saurayi aikinsa ke nan: ya fitar da tsohon bushin daga ƙafar mota, ya buga sabo. Duk wanda ya kuskura ya kira abin boris, ranar sai ya sha faɗa.

"Boris 'ya'yan ƙarfe ne a cikinsa suna juyawa, in ya gaji ya yi ta kuka har a ji," yakan ce. "Bushin kuwa zobe ne kawai. Shi yake cinyewa shiru, don kada ƙarfen da ya rungume ya lalace."

Haka ya rungumi ƙanen nan tun rasuwar mahaifinsu. Ya koya masa riƙon sifana, ya bar masa kujera da gaisawa da masu motoci.

Da tsufa ya sa hannun Baba Bushin ya fara rawa, wata safiya ya tarar da baƙo a kan bencinsa, riƙe da gudumarsa. Ƙanen ko ɗaga ido daga waya bai yi ba.

"Yaya, ai kai ka koya mini," in ji shi. "In bushin ya cinye, ba a gyara shi."