Layi Uku a Jikin Kuka

An sayar da gonata ina kwance da karaya. Babur ne ya kayar da ni a hanyar Roni, ƙashin cinya ya rabu biyu, na yi damina biyu ban riƙe fartanya ba. 'Ya'yana duk mata ne, suna gidajen mazajensu. Gona ta koma saura, sabara ta rufe ta. Ranar da na fara takawa da sanda na je dubawa, sai na tarar an kafa duwatsun siminti a kusurwa huɗu, ga katafila tana kwasar ƙasar burji ta gefen gabas.

Na tambayi direban wa ya sa shi. Ya ce wani Alhaji ne daga birni ya sayi wurin, da takardarsa. Na je wajen mai unguwa, ya sunkuyar da kai ya ce abin daga sama ya zo. Na yi ta zarya ofishin filaye har masu gadi suka san sandata. Daga ƙarshe jami'in ya ɗauko takardar ya karanta mini: wai wurin daji ne, ba a taɓa noma shi ba, ba shi da mai shi. Ya ce ina tawa takardar. Na ce ba ni da ita, ubana ma bai taɓa riƙe ta ba. Ya ce, "To Baba, sai haƙuri."

A kwanakin nan, majalisar jiha tana ta muhawara kan filayen da ake sayarwa a ɓoye. Ina jin su a rediyo. Wannan ya tashi ya ce cin hanci ne, wancan ya ce ci gaba ne. Na ɗauka surutu ne kawai. Sai wata rana aka sanar cewa kwamitinsu zai zauna a Kazaure, duk mai ƙorafi ya zo. Na wanke rigata na tafi.

Ɗakin taron ya cika. Da layi ya zo kaina na faɗi abin da ya faru, ban ƙara ba, ban rage ba. Shugaban kwamitin dattijo ne mai furfura. Kusa da shi akwai wani ɗan majalisa matashi cikin farar shadda, shi ne ya fara magana.

"Baba, doka ta ce ƙasa tana hannun gwamnati. Wancan yana da takarda, kai ba ka da ita. Da me za mu kama?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, takardar me ta ce?"

"Ta ce daji ne."

"To ku zo ku ga dajin. Ba nisa."

Aka yi dariya. Wani ɗan majalisa mai ƙiba da ke can ƙarshen tebur ya ce, "Onarabul, an gayyace ka yawon daji, sai ka sake takalmi." Matashin ya ce in za su bi kowa gonarsa, sai shekara ta ƙare ba su koma gida ba. Mai ƙiba ya ce ai da ma ba don su zauna a gida aka zaɓe su ba. Suka ɗan yi sa-in-sa. Dattijon ya buga tebur ya ce bayan azahar za a je.

Motoci uku suka tsaya a bakin ramin burjin. Jami'in filaye yana cikinsu, rungume da fayil. Ya nuna sabarar ya ce, "Kun gani, ranku ya daɗe. Ko kunya ɗaya babu." Gaskiya ya faɗa. Ruwan damina biyu ya shafe kunyoyin, katafila kuma ta tuge ciyawar gambar da ke kan iyaka.

Ban tsaya musu da shi ba. Na ja su tsakiyar gona inda kukarmu take. A wajenmu ba a hawan kuka da tsani. Turaku ake fiƙewa na itacen ƙirya a kafa a jikinta, ɗaya sama da ɗaya, a taka a hau a sassaro ganyen miya. Kowane magidanci nasa layin yake kafawa daidai tsawon ƙafarsa, ba ya yarda da na wani, don tsohon turke yana iya kashe mutum.

Na buga layin farko da sandata. "Wannan nawa ne. Kun ga turakun a waje suke."

Na zagaya arewa. "Wannan na ubana ne. Gajere ne, shi ya sa suka matsu da juna." Ɓawon kukar ya haɗiye su, kawunansu kawai ke leƙowa.

Na sake zagayawa. Nan babu turke ko ɗaya, sai tabo a jere, kamar cibiya, daga ƙasa har reshen farko. "Wannan na kakana ne. Ban san shi ba. Turakun suna ciki."

Matashin ya matso ya sa yatsa a tabo ɗaya. Ya ce a ba shi wuƙa. Direbansa ya miƙa masa, ya tona kaɗan, sai bakin wuƙar ya ci karo da baƙin itace mai tauri. Ya tsaya yana kallonsa.

Mai ƙiba ya juya ga jami'in. "Malam, shekara nawa kuka take yi kafin ta haɗiye turke haka?"

Jami'in ya ce shi bai karanci itatuwa ba.

Mai ƙiba ya ce, "Ni ɗan manomi ne. Lokacin da aka kafa wannan ba a haifi ubanka ba. Ko aljanun dajin naka ne masu shan miyar kuka?"

Jami'in ya ce ai kowa ma yana iya hawan kukar daji. Kafin in buɗe baki, Ardon Fulanin da ke bayan dutse ya fito daga cikin masu kallo. Shanunsu ne ke cin karana kowane rani, su bar mini taki. Ya gaishe da dattijon ya ce, "Ranka ya daɗe, Kaɗon nan masifaffe ne, mun sha faɗa da shi kan ɓarna. Amma gonarsa ce. Ubana da ubansa ya yi ta faɗa, a nan wurin."

Dattijon ya karɓi fayil ɗin daga hannun jami'in, bai mayar masa ba. Matashin ya goge wuƙar ya zo gabana ya ɗan rusuna. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri." Na ce ba komai.

Abin bai ƙare a ranar ba. Sai da aka shiga wata damina kafin a zo a tuge duwatsun. A tsakani Alhajin ya aiko mutum da abin goro, wai in bar masa gefen gabas tunda an riga an tona. Na ce ya koma da shi. Na ji a rediyo ranar da kwamitin ya karanta rahotonsa a zauren majalisa. Ba su faɗi sunana ba, sun ce wani manomi a yankin Roni. Na san ni ne, mutanen garinmu ma sun sani. Jami'in an ce an ɗauke shi daga kujerar, ban bi sawunsa ba. Mai unguwa har yau in ya hango ni sai ya sake hanya.

Ramin da katafila ta haƙa ya ci kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar. Babu wanda ya cike shi, ni ma ba ni da ƙarfin cikewa. Abin da ya rage nawa ne. Bana gero na shuka da wake. Ƙafar tana ciwo in hadari ya haɗo, amma kullum da sassafe ina can.