Hular da Malam Isuhu Bai Haɗa Bakinta Ba

Ina kara a kasuwar Bafarawa, hannuna cikin bakin wata karsana ina duba mata dasashi, wayata ta yi ƙara a aljihu. Da na goge hannu na ɗauka sai na ji muryar Nasiru, babban ɗan Malam Isuhu. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Malam Haruna, Baba ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na nemi gindin wata bishiyar bedi na zauna, mai karsana yana ta tambayata ko lafiya. Hanyar Isa zuwa Sabon Birni yanzu ba ta biyuwa sai an taru an yi ayari, don haka kafin in isa an riga an kai shi makwancinsa. Rashin samun sallarsa yana cikin abubuwan da suke ci mini rai har yau.

Malam Isuhu malamin dabbobi ne, kuma a hannunsa na koyi aiki tun ina sabon ɗauka. Mun yi shekaru muna zagaya rugage tare, muna yi wa shanu rigakafi, daga bakin gulbi har kan iyakar Nijar. Ni mutum ne mai gaggawa, bakina kuma ba ya riƙe magana. Shi kuwa sai ya saurari makiyayi ya gama ba da tarihin saniya tun daga kakarta kafin ya taɓa ta. Wasu za su faɗi alherinsa a wurin aiki, kuma sun fi ni iya faɗa. Ni abin da nake so in tuna shi da shi, ɗinkin hula ne.

Ba sana'arsa ba ce, bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Sha'awa ce kawai da ya ɗauko wurin wani kawunsa tun yana saurayi. In mun taso daga aiki, ya yi la'asar, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya jawo wani tsohon gwangwanin alewa da yake ajiye allurai da zare a ciki. Zaren nan ma ba kowane yake so ba, sai wanda 'yan kasuwa suke kawo masa daga Maraɗi, don ya ce shi ne ba ya zuba in an wanke. Da kansa yake zana ƙyalle, ya bi zanen da allura, rami bayan rami, har farin ƙyallen ya ɓace ƙarƙashin zare. Hula ɗaya takan ci masa damina da kaka. Na sha yi masa tsiya, ina cewa da kuɗin hannunsa zai sayi wadda ta fi ta kyau a kasuwar Isa ya huta. Sai ya yi murmushi ya ce, "In na huta in yi mi?"

Tsiyar da nake yi masa ba ta hana ni ɗaukar allura ba. Wata rana ya miƙo mini guntun ƙyalle ya ce in gwada, ko hannuna zai koyi zama wuri ɗaya. Na cike zanen nan cikin ɗoki na kawo masa, ina jiran yabo. Bai ko dubi fuskar aikin ba, ya ce, "Juya ta in ga ciki." Cikin kuwa ga ƙulle-ƙulle da jelar zare ko'ina. Ya ce mai hula ba ya ganin adon da ke kansa, mutane ne ke gani, shi abin da ke taɓa fatarsa kawai ya sani. Ya sa na warware duka. Ranar na yi fushi ƙwarai, na yi ta gunaguni har gida, amma washegari na dawo. Shi ya koya mini yadda ake ɓoye bakin zare ƙarƙashin ɗinki, da yadda ake sa shafi a kalmashe shi ya kwanta lumui.

Akwai wata ƙa'ida tasa da duk wanda ya san shi ya sani. Jikin hula doguwar tsara ce ta ƙyalle ake fara ɗinkawa a shimfiɗe, sai an gama a naɗe ta a haɗa bakinta biyu, sannan a ɗora mata kai, a wanke, a sa sitaci, a buge. Masu sana'a da igiyar awo suke aiki, su haɗa abinsu ko mai hula yana Makka. Malam Isuhu kuwa ba ya haɗa baki sai mai hula yana zaune a gabansa. Zai naɗa tsarar a kan mutum, wani na biyu ya riƙe bakin ta ƙeya, shi kuma ya sa yatsa ɗaya tsakanin ƙyalle da goshi, don wanki zai ci nasa. Sannan ya kama bakin da allura tana kan mai ita. Yakan ce, "Ba ni rufe hula ga kan da ban gani ba." Kuma ba ya aika wa kowa da ita in ta gamu, sai dai mutum ya tako ya karɓa. Da haka mutane da yawa suka sha furar gidansa sau biyu, ciki har da waɗanda aka daɗe ba a ga ƙafarsu a unguwar ba.

Babban amininsa wani Bafulatani makiyayi ne, Ja'e, da rugarsu take can wajen Alkalawa, tsohon birnin Gobirawa, a da. Tun suna samari suka shaƙu, Malam yana yi wa shanun mahaifin Ja'e magani. In suka haɗu ba ka jin komai sai zolaya. Malam ya ce, "Ku kunka ƙone muna birni, yanzu kuma kun zo kuna kiwo bisa kufai, ko kunya babu." Ja'e ya ce, "Ai ciyawar wurin ta fi daɗi, Bagobiri, mun gode." Su yi ta dariya har hawaye. Ranar sunan Nasiru, Ja'e ne ya kawo ragon, kuma Nasiru ya tashi yana ce masa Baffa. Duk ranar kasuwa a zauren Malam yake jingine sandarsa.

Bayan Malam ya yi ritaya ne ya ce zai yi wa Ja'e hular da bai taɓa yi wa kowa irinta ba. Ya zaɓi baƙin zare da shuɗi, ya yi zane mai wuya wanda ni ko kallonsa yana sa idona ruwa. Yana tsakiyar aikin ƙasar nan ta rikice. Ba sai na tsaya bayani ba, kowa a nan ya san abin da 'yan bindiga suka yi mana, kuma ba gidan da bai ɗanɗana ba. Ja'e ma sun kore masa shanu, ya kwashi iyalinsa da abin da ya rage ya koma can bakin iyaka. Shigowa gari kuma ta gagare shi, don a lokacin Bafulatani in ya shigo kasuwa ido ke binsa, ba mai tambayar ko wane ne. Malam ya gama jikin hular, ya gama kanta daban, ya naɗe su cikin farin ƙyalle ya sa a ƙasan gwangwani. A nan suka yi shekaru.

Wannan abu ya dame ni, na kasa yin shiru. Na ce masa, "Malam, kan Ja'e dai ba canzawa ya yi ba. Ga 'yan kasuwa suna zuwa wajensu, a ba su zare su auno, ka haɗa ka aika mai. Ran wani bai hannun wani." Ya ce, "Haruna, in na aika mai da ita, na yarda ke nan ba shi ƙara zama zauren ga. Ni ban yarda ba." Ban sake tayar da maganar ba, amma ga Allah ban gamsu ba, ina ganin taurin kai ne irin na tsofaffi.

Nasiru kuwa abin ya fi ƙarfin rashin gamsuwa. An ƙwace masa shanun huɗa, gonarsa ta daji ta gagari noma, kuma abokinsa na ƙuruciya ya rasa ransa a kan hanya. Zuciyarsa ta bushe, ya daina bambanta mai laifi da marar laifi. Na taɓa jin ya ce wa mahaifinsa ya ba shi hular nan ya sa, ko a ba wani, tunda mai ita ya bi danginsa. Malam bai ɗaga murya ba, bai saba ba. Ya ce, "Ragon sunanka daga garkenshi ya hito. In ka manta, ni ban manta ba." Nasiru ya tashi ya fita, kuma daga ranar ba a sake ambaton Ja'e a gabansa ba.

Zuwana na ƙarshe na sami Malam a kwance, jiki ya yi nauyi, idon ma ya daina ganin kafar allura. Ya sa aka miƙo masa gwangwanin, ya ɗora hannuna a kai. Ya ce allurai da zare nawa ne, amma abin da ke ƙasa amana ce. "In ya zo ka haɗa. In bai zo ba, ka bar ta yadda take." Na ce, "Haba Malam, kai za ka haɗa abinka." Ya ce in dai ji abin da ya faɗa.

Ranar addu'ar uku, ana zaune a ƙofar gida da hantsi, sai ga wani tsoho ya sauko daga bayan mashin ɗin wani ɗan kasuwa. Ya rame, gemu ya yi fari fat, ba sanda a hannunsa. Sai da ya yi sallama na gane muryar Ja'e. Wasu suka amsa ciki-ciki, wasu samari suka fara kallon juna, ni kuwa na san irin kasadar da ya yi kafin ya iso. Ya durƙusa gaban liman ya yi ta'aziyya, ya juya wajen Nasiru ya ce, "Ɗana, ya haƙuri?" Nasiru ya ce, "Da godiya," bai ɗago kai ba. Ja'e ya koma can gefen tabarma ya zauna shi kaɗai, ba wanda ya matsa kusa da shi.

Labari ya shiga cikin gida. Ba a jima ba Inna Hajo, matar marigayi, ta aiko a kira ni bakin ƙofa. Daga bayan labule ta miƙo mini gwangwanin, don ban riga na ɗauke shi ba. Ta ce, "Haruna, ga mai ita nan ya zo. Mi kake jira?"

Na fito da shi gaban jama'a. Na warware farin ƙyallen, shuɗin zaren nan yana nan kamar jiya aka ɗinka. Na gaya wa Ja'e abin da amininsa ya bari da abin da ya ce. Ya cire tsohon rawaninsa ya ajiye a cinya. Na naɗa masa tsarar a ka, sai na tuna aikin ba ya yiwuwa da mutum ɗaya. Na ce, "Jama'a, ina son wanda za shi riƙe mani baki ta ƙeya." Ba wanda ya motsa. Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan faɗi abin da za a daɗe ana tunawa da ni, sai na ga Nasiru ya miƙe. Ya zagayo bayan tsohon ya durƙusa, ya kama bakin biyu da yatsunsa, daidai yadda ya sha riƙe wa mahaifinsa. Na zare allura zan soka, ya ce, "Malam Haruna, ba ka sa yatsa ba. Baba shina barin wurin wanki." Na sa yatsa tsakanin ƙyalle da goshin Ja'e, na ji jijiyar wurin tana bugawa. Hawaye suna bin gemunsa, bai share ba, don kada kansa ya motsa ya ɓata awo.

Da na gama kama bakin na cire ta, Ja'e ya tambaya ko zai iya tafiya da ita haka nan, tunda bai san ko zai sake samun shigowa ba. Kafin in amsa Nasiru ya ce, "A'a Baffa, ba a ɗora mata kai ba, ba a wanke ba. Kuma gidan ga ba a aika hula. In ta gamu ni za ni taho in ɗauko ka, ka amshe ta nan zaure." Ja'e ya dube shi ya ce, "To, Allah shi kai mu." Sannan Nasiru ya kama hannunsa ya kai shi bakin ƙofa ya gaida Inna Hajo.

Hular tana wurina yanzu. Na ɗora mata kai, ina kan shafi, kuma a hankali nake yi, ina juyawa ina duba ciki. Na ce taurin kai ne, ashe ni ne ban ga abin da Malam yake tsarewa ba. Ina kewarsa ƙwarai, musamman bayan la'asar.

Ya Allah, ga bawanka Isuhu ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Yadda ya riƙe zumunci a lokacin da riƙonsa ya yi wuya, Ka riƙe shi da rahamarKa. Ka ba Inna Hajo da Nasiru da ƙannensa haƙuri, Ka rufa musu asiri, Ka haɗa kansu. Ka zaunar da ƙasarmu lafiya, Ka buɗe mana hanyoyinmu, Ka ba Ja'e tsawon ran da zai dawo zauren nan ya karɓi hularsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.