Ustad Nazakat Mai Rubutun Duwatsun Kabari

Ustad Nazakat Husain ba mutum ne mai daɗin zama ba, kuma ba zan ƙara masa halin da ba shi da shi don ya tsufa ba. Shagonsa na bakin maƙabartar unguwarmu a Bahawalpur, tsakanin mai sayar da furanni da mai shayi, kuma dukansu biyu ya ɓata da su.

Shekara ashirin da shida ya yi a Lahore yana rubuta jarida da hannu, lokacin da kowane shafi sai an zana shi da alƙalamin kara kafin a kai wa injin bugawa. Da kwamfuta ta zo aka sallame su, su goma sha huɗu a rana ɗaya. Ya dawo gida ya rubuta allunan shaguna, ya rubuta bayan manyan motoci, daga ƙarshe ya tsaya a kan duwatsun kabari, domin a cewarsa matattu ne kaɗai ba sa dawowa su ce a gyara musu. Matarsa ta rasu. 'Ya'yansa biyu suna Dubai. Sau uku suna aiko masa da waya, sau uku yana mayar musu da ita a kwalinta.

Na je wurinsa kwana talatin da ɗaya bayan rasuwar 'yata Mahrukh. Shekararta goma sha tara. Zazzaɓi ne, kwana shida. Mahaifiyarta Shagufta abu ɗaya ta roƙe ni: a kafa dutsen kafin addu'ar arba'in, kada dangi su zo su tarar da tudun ƙasa ba suna. Ni malamin lissafi ne a kwaleji, na rubuta littattafan koyarwa biyu, amma tun ranar jana'iza ban rubuta ko layi ɗaya ba. Waya kawai nake riƙewa. Akwai saƙonnin muryarta ɗari biyu da goma sha ɗaya a ciki. In na gama saurarensu sai in koma kan ta'aziyyar mutane, daga nan in zarce kallon abin da ban ma san mene ne ba, har a kira salla.

"Ga abin da za a rubuta," na ce masa, na miƙa wayar. Baiti biyu ne na waƙa a kan rabuwa.

Bai karɓa ba. Ya leƙa ta saman tabarau.

"Wa ya rubuta?"

"Ban sani ba. Turo min aka yi."

"Turo maka aka yi. To madalla." Ya nuna maƙabartar da guduma. "Shiga ka ƙirga. Sau arba'in da bakwai na sassaƙa wannan. Yana kan wani mahauci, yana kan wani tsohon dillalin jakuna. A layinsu za ka sa 'yarka?"

"Ustad, ku riƙa auna magana. Rasuwa aka yi min."

"Duk wanda ya tako nan rasuwa aka yi masa, Farfesa. Ka ga ina sayar da alewa ne?"

Wayar ta yi ƙara a hannuna, na duba. Ban yi niyya ba, hannun ne ya saba. Kafin in ɗago ya fizge ta, ya buɗe kwanon abincinsa mai hawa uku, ya jefa ta a na sama ya danne murfi.

"Ba ni wayata."

"Ga takarda, ga fensir, ga benci. Layi ɗaya. Naka, ba na aro ba."

"Ba kai kaɗai ke wannan aiki a garin nan ba."

"Sosai ma. Akwai mai inji a bayan tasha, minti ashirin ya gama maka. Bara ya rubuta wa wani bawan Allah cewa ya mutu shekara biyu kafin a haife shi. Je ka, Allah ya kiyaye hanya."

Da na so, da na ƙwace kwanon. Amma tsoho ne, mai shayi kuma yana kallo. Na zauna.

A awa ta farko hannuna ya tafi aljihu sau tara, na ƙirga. Kwanon yana ta gurnani a kan teburi. Ustad ya buɗe hawa biyu na ƙasa ya ci gurasarsa da miyar wake, bai ce min bismilla ba. Na rubuta: *Ta kasance 'ya ta gari mai biyayya.* Na miƙa masa.

"Ikon Allah," in ji shi. "Shekara ashirin ban taɓa yi wa mai taurin kai dutse ba. Su ba sa mutuwa ne? Gaskiya ce wannan?"

Ba gaskiya ba ce. Mahrukh takan yi gardama da ni har a kan yawan gishirin miya.

Na sake rubuta wani, mai tsawo, da karatunta da burinta na zama likita. Ya karanta ya turo min.

"Wannan takardar neman aiki ce. Wa zai ɗauke ta a can?"

A nan na faɗi abin da har yau ban janye ba. Na ce yanzu na gane abin da ya sa 'ya'yansa suka gwammace zafin Dubai da zama kusa da shi. Sai ya ɗauki ƙarfen sassaƙa ya juya min baya.

"Rubuta, Farfesa. Rana na tafiya."

Ba abin da ya rage sai ƙarar guduma a kan farin dutse. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Abin da na lura da shi shi ne, wata guda ina sauraren muryar Mahrukh, amma ban tuna ko abu ɗaya da ba ya cikin wayar ba. Sai na tuno ta a gaban tabarmar cin abinci, ta ɗauko labarin wata malamarsu, ta kai rabi, dariya ta ci ƙarfinta har ta kifa kai a kafaɗar mahaifiyarta. Kullum haka take. Ba mu taɓa jin ƙarshen ko ɗaya ba.

Na rubuta: *Takan fashe da dariya kafin ta kai ƙarshen labari.*

Ya karanta sau biyu. Ya auna dutsen da taƙin hannu.

"Ya yi tsawo. Rage kalma ɗaya."

"Ba zan rage ba."

"To sai in ƙanƙanta sunan uban, don wuri ba ya haihuwa."

"Ƙanƙanta shi."

Ya buɗe kwanon ya miƙo min wayar tana warin albasa. Bai ce na yi daidai ba, ni ma ban gode masa ba.

An kafa dutsen a kwana na talatin da takwas. Rubutun ya fita fes, sunana a ƙasa ƙanana kamar tururuwa. Ranar addu'a yayan Shagufta ya ja ni gefe ya ce wannan ba maganar kabari ba ce, mutane za su ce ba mu san ciwon mutuwa ba. Na ce masa ni na rubuta, kuma ba za a goge ba.

Shagufta ta daɗe a tsaye tana karantawa. Da muka koma gida ta ɗauko wani littafin Mahrukh da ya rage da fararen shafuka, ta ajiye a gabana da biro, ta ɗauke wayata daga kan teburi ta sa a aljihun rigarta.

"Fara da na malamar nan," ta ce. "Ni na tuna farkonsa."