Ruwan da Na Miƙa wa Daso a Zaure

A ƙauyenmu na ƙasar Zurmi, idan an gama girbi sanyi ya shigo, Kaka Tumba kan sa mu kwaso karan dawa mu hura wuta a bakin ɗakinta. Da an ci tuwo an yi sallar isha'i sai mu kewaye ta. Ita uwar mahaifina ce, 'yar ƙaramar tsohuwa mai tsagen Gobirawa, ba ta ɗaga murya, dole ka matso in kana son ji.

Kusa da ni kullum Daso ke zama, ɗiyar Inna Kumbo, Bafulatanar rugar da ke bayan garinmu. Sa'ad da aka haife ni mahaifiyata ta yi doguwar jinya, nono ya ɗauke, Inna Kumbo ce ta haɗa ni da Daso ta shayar da mu. Saboda haka duk ranar kasuwa Daso a gidanmu take kwana, tabarma ɗaya, zane ɗaya.

"Ga wata nan tahe, ku gusa ku ba ta wuri," in ji Kaka in za ta fara tatsuniya.

Mu ce, "Mun gusa, ta zauna."

"Ke Hajo ba ki gusa ba, kin baje kamar buhun gero."

Tatsuniyar da ta fi yi mana ta wata tsohuwa ce mai rijiya ɗaya da 'ya'ya biyar. Da suka girma kowa ya kama hanyarsa. Ɗaya ya bi shanu, ɗaya ya riƙi kwashe yana noma, ɗaya ya hau raƙumi ya yi arewa, ɗaya ya sassaƙa jirgi ya bi gulbi, autan ya nutsa kurmi neman goro. Tsohuwa ba ta da abin ba su, sai ta yanka igiyar guganta biyar, kowa ta ɗaura masa guntu a ƙugu. Shekaru suka wuce, harshen kowa ya juya, jikoki ba su san juna ba. Sai aka yi fari, ruwan duniya ya ƙafe, ba sauran ko'ina sai a rijiyar tsohuwa, shi ma ya yi ƙasa can. Suka taru a bakinta, kowa ya zura guntunsa bai kai ba.

"Sai sunka tsaya kallon juna," in ji Kaka. "Kowa na son guntunshi shi zam na sama wurin hannu, ba mai son nashi shi shiga laka."

Ƙarshen kuwa ba ɗaya ba ne. Ranar da muka yini lafiya, sai ta ce sun ƙulla sun sha. Ranar da muka yi faɗa, sai ta ja zane ta rufe ƙafa ta ce, "Suna can har yanzu, ku tai ku kwanta." Daso ta taɓa tambayarta, "Kaka, Yarbawan da ke tashar jirgi a Kaura fa?" Ta ce, "Jikokin autan ne. Duk baƙar fatar da kunka gani, ɗan tsohuwar nan ne."

Aure ya kawo ni Kaura Namoda. Bayan na haifi uku na shiga ajin yaƙi da jahilci, can na fara ganin taswirar Afirka a bango. Malamarmu tana bayanin cewa layukan nan Turawa suka ja su, na ɗaga hannu na ce ai kakata ta riga ta gaya mana duk uwarmu ɗaya. Har tafa mini aka yi. Na daɗe ina jin daɗin tafin nan.

Sai wannan masifa ta daji ta zo. An kashe ƙanen maigidana a gona. A unguwarmu aka daina sayen nono, kuma duk gidan da aka ga Bafulatani ya shiga, kafin la'asar an ce gidan masu kai wa ɓarayi labari ne.

Wata Laraba da hantsi ina tankaɗe, aka yi sallama a zaure. Na fito, sai ga Daso. Shekara goma sha wani abu ba mu haɗu ba, ta rame, jika a goye, ƙullin kaya a ka. An kwashe shanunsu, an ƙone rugar, ba ta ma san ko su wane ne ba.

A gidan da na tashi, baƙo ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai an shimfiɗa masa tabarma a ciki, ya zauna, ya sha ruwa. Bare wadda kuka sha nono ɗaya. Ni kuwa na hango maƙwabciyata tana leƙe ta kan danga, sai na ji bakina ya ce, "Daso, lafiya? Me ya kawo ki?"

Ta dube ni. "Ƙafa ta kawo ni, Hajo."

Na koma ciki na ɗebo ruwa a moɗa, na kawo mata nan zaure, ta sha a tsaye. Ta ba jikar, ta miƙo mini moɗar da hannu biyu ta ce, "Allah shi ba da lada." Irin godiyar da ake yi wa wanda ba a sani ba. Ta juya ta tafi, ban kira ta ba.

Da ina ɗaukar tatsuniyar Kaka labarin manya ce, na shugabanni da ƙasashe, su ne suka ƙi ƙulla igiya. Ban taɓa sa kaina a ciki ba. Ashe ƙin nan ba ya bukatar mugun mutum. Mace mai salla, mai tausayi, wadda ta san karatu, ta ishe shi, in dai tana tsoron kada a ce wani abu a kanta.

Bayan kwana uku na kasa haƙuri, na hau keke napep na je makarantar firamaren da aka tara 'yan gudun hijira. Na same ta a bayan wani aji tana tsince tsakuwa a cikin gero. Na durƙusa na ce, "Yaya Daso, ki yafe mini. Tashi mu je gida."

Ta yi murmushi. "Yau ni ce Yaya? Kwana ashirin na ba ki, da kina musu."

"Ki taso dai."

"Hajo, ban yi hushi ba, na ga mai leƙen nan. Amma gidan ba naki ba ne ke kaɗai. Ki tambayi maigidanki, wanda anka kashe mai ƙane. In ya ce in zo, kin san inda nike."

Na ce mata gobe-goben nan za ta ji ni.

Yau kwana tara. Na share ɗakin da babbar ɗiyata ta bari, na shimfiɗa tabarma. Kullum da yamma nakan kai wa Malam tuwo, in durƙusa a gefensa da maganar a bakina. Sai ya ɗago ya ce, "Akwai wani abu ne, Hajo?" Ni kuma in ce, "Gishirin ya ji?"