Mai Shukar da Ba Shi da Sungumi

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Jiya jikata ta kunna salula, na ji ana karanta labarin mai shuka na cikin Linjila. Sai na ajiye rariya, don ni na ga ranar da aka yi fama da zancen nan a gidanmu, nan Madarumfa.

Ƙanen mahaifina, baffa ke nan, ya tafi Maraɗi neman maganin ido, ya komo Kirista. Kakana bai zage shi ba, bai kore shi ba. Magana kawai ya daina yi masa. Damina uku ko gaisuwarsa ba ya amsawa.

Wani hantsi da bazara, ana jiran ruwan shuka, baffa ya zo da takardu. Yana cikin masu juya littafinsu zuwa Hausa, kuma ƙa'idar aikin ita ce a karanta wa wanda bai shiga lakwal ba, wato bai yi boko ba, a ji abin da ya gane. Bai iya tunkarar ubansa ba, sai ya durƙusa gaban kakata tana ɓarar gujiya, ya ɗaga murya. Kakana na gefe yana gyaran ƙotar sungumi, ya ba mu baya.

Baffa ya karanto yadda wani ya fita shuka, iri ya zuba kan hanya, wani kan dutse, wani cikin ƙaya.

"Inna, me kika gane?"

"Na gane mutumin nan ba lafiya gare shi ba."

Ni ma abin ya ɗaure mini kai. Mu rami ake sarawa, a jefa iri, a rufe da diddige. Ta ina hatsi zai kai kan hanya?

Sai muka ji kakana, bai juyo ba: "Tambaye shi, wanga mutum ba shi da sungumi?"

Baffa ya ce, "Baba, a ƙasarsu ba a sara. Watsawa suke da hannu."

"To ka rubuta haka mana! Ka bar mutane na raina bawan Allah. Ka ce yadda muke yafa irin taba a bakin tabki. Ko ni nawa na faɗawa kan hanya." Ya juyo, ya dubi ɗansa. "Matso nan. Na cikin ƙayar, me ya same shi?"

Suna nan har aka kira azahar.

Yanzu sauƙi ya zo, kowa na ji a salula, amma ban san ko har yau ana zuwa tambayar tsofaffi ba.

Kakata har ta bar duniya tana cewa ɓarnar iri ce. Baffa ya tsufa a Maraɗi da addininsa. Kakana ya cika da kalmar shahada a bakinsa, kuma kafin nan ya bar wasiyya, baffa ne zai fara sara kabarinsa. Shi ya sara.