Kunyar Suruki Ta Hana Ni Shiga Ɗakin Karatu

Ƙarfe tara da rabi na safiyar wata Litinin na leƙa ɗakin karatun jami'armu a Tawa, na ga wanda ke zaune a teburin bakin ƙofa, na juya. A lokacin ina shekarar ƙarshe, ƴar Barmu ce ni marar yawan magana, littafi ne abokin hirata. An riga an kai gaisuwar aurena, kuma sabon ma'aikacin da ke teburin nan wan wanda zan aura ne. A gidanmu ba a haɗa ido da irin wannan, balle a tsaya gabansa ana tambaya. Shi ne kuma ke ba ɗalibai lambar shiga rumbun mujallun bincike na intanet.

Na ce wa kaina zan iya ni kaɗai. Memwar ɗina, wato kundin binciken kammala karatu, a kan tassa ne, ramukan da manoman Adar ke haƙawa don farfaɗo da faƙo. Kullum abokan karatuna su shige ciki, ni in zauna gindin dogon yaro da wayata, ina kwasar duk abin da na tsinta. Na tsara komai tsaf. Ban damu ba da cewa yawancinsu ba sunan marubuci, ba shekara, ba mujallar da ta tantance su. Ban nuna wa kowa ba, gudun kar a tambaye ni dalili.

Da lokacin miƙawa ya yi, malamin da ke duba aikina ya karanta, ya ce rubutu ya yi kyau amma ba shi da tushe. Ya tambaye ni wa ya faɗi kaza, a ina. Ya cire ni daga masu kare aikinsu a shekarar. Ƴan ajinmu suka gama suka watse, aka bar ni da baƙin fuskoki.

Ƴan'uwana ɗalibai, kunya ado ce, amma ba ta gaya wa mutum wace takarda ce abin dogaro. Duk maganar da ba ku san mai ita ba, kar ku ɗora aikinku a kanta, ku tambayi waɗanda aka ajiye don haka.

Ranar da na daure na shiga ɗakin karatun, kaina a sunkuye, na roƙi surukin nawa lambar. Shi ma bai ɗago ba. Ya ce tun makon farko ya tanadar mini lambata, kuma kullum da la'asar yakan bar teburin ga abokin aikinsa ya fita, don in samu in shigo.